Ƙwayar Ƙwannafin da Ta Raba Ni da Taubashina

Zuwa ga mai girma Majo, shugaban gidan likitanmu na bakin kwalta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, da kai da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, har da baiwar Allahn nan mai allura wadda hannunta bai san tausayi ba. Yaya aiki, yaya zafin bana. Allah ya ba da lada.

Ni ne Nomau dillalin albasa, wanda ke zama a rumfar tasha inda manyan motoci ke lodi kafin su nufi Konni. In sunan bai tuna maka komai ba, ni ne mai tumbin nan da ya shigo maka lokacin da aka fara cirar albasa, yana dafe da ƙirji yana cewa an hura masa wuta a maƙoshi. Na zaɓi in rubuto maka a buɗe, a karanta a tasha da ƙofar masallaci, domin abin da ka gaya mini a cikin buro, wato ofishinka, ka gaya mini shi, ƙofa a rufe, ni kuwa a gaban jama'a nake shan wahalarsa.

Tun farko zan faɗi gaskiya, maganinka ya yi mini aiki. Ba zan ci amanarsa ba. Amma ya raba ni da taubashina Arzika, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma shi nake so a mayar mini. Ga yadda abin ya faru.

Na ɗaya. Ka duba ni ka ce ciwona ƙwannafi ne, wato tsamin ciki ne ke hawowa inda ba a gayyace shi ba. Ka rubuta mini ordonansi, wato takardar sayen magani, na hau mota na tafi farmasi a Konni, aka ba ni kwali cike da fararen ƙwayoyi masu faɗi. Ka ce magani fiye da ɗaya aka haɗa a ƙwaya guda: wani yana kashe tsamin, wani yana yin kumfa ya zauna a saman abin da na ci kamar faifai a kan ƙwarya, ya hana shi tasowa. Ka ce in tauna sosai bayan cin abinci da kuma in zan kwanta, kada in wuce adadin da ka rubuta. Na ce to. Iyakar abin da ka faɗa ke nan, sai ka kira na baya.

Abin da ba ka gaya mini ba shi ne, wanda ya haɗa wannan magani ya sa masa zaƙi da ƙamshin na'ana'a. Ban san wa ya ba shi wannan shawara ba. Da ɗaci gare shi irin na maɗaci, da yanzu ni da Arzika muna zaune lafiya muna zagin juna.

Na biyu. Majo, kai ba Nasara ba ne. A ƙasar nan aka yanke maka cibiya, na san kawunka ma, mun taɓa cinikin jaki da shi. Ka san yadda muke cin abincin rana a tasha. Kowane gida yana aiko da kwano, a haɗa a rumfa, a zauna a ci tare. In an wanke hannu, mai goro ya fito da goro a ɓara. Ka kuma san mutum ba ya kai abu baki a gaban jama'a bai ce bisimilla ba, sai in mahaukaci ne ko wanda ba a yi wa tarbiyya ba. To kai ka ce in sha magani bayan cin abinci, ni kuwa bayan cin abinci ina tsakiyar mutane.

Ranar farko na fito da kwalin, na ɓallo ƙwaya, na ce bisimilla. Ta fatar baki na faɗa, irin wadda ake amsawa da alhamdu lillahi kowa ya ci gaba da harkarsa. Amma ƙamshi ya riga ya tashi. Illo mai faci ya miƙo hannu, hannun nan baƙi ƙirin da man mota. Ya tauna, ya lumshe ido, ya ce, "Wanga abu ya hi goro, ba shi ko ɓata haƙora." Daga nan kwali ya kama zagaya rumfa. Da ya dawo hannuna na ji ya yi sauƙi, na yi murmushi kamar yadda mai gida ke yi, cikina kuwa yana kuka.

Kafin a yi nisa kowa ya gano ciwon da maganin ke yi masa. Illo ya ce ya warkar masa da ciwon baya. Wani direba ya ce yana hana gyangyaɗi. Ladan ya ce yana buɗe masa maƙogwaro, har ya rantse an ji kiran sallarsa can a garin Dogarawa. Mutanen da tun da nake ba su taɓa zama rumfarmu ba suka fara biyowa daidai lokacin wanke hannu, wai sun zo gaisuwa.

Shi kuwa Arzika ba ya jiran bisimilla. Tun muna yara haka muke. Shi yana cewa ni bawansa ne, ni ina cewa shi ne nawa, har yau dattawa ba su raba gardamar ba. Bai taɓa kirana da sunana ba, Ruɓaɓɓiyar Albasa yake ce mini, ni kuma in ce masa Kan Ludayi. Aljihuna nasa ne. In ya ga hula a kaina ta yi masa, ya cire ya sa, in kuwa na yi magana jama'a su yi mini dariya, don ba a kai ƙarar taubashi. Saboda haka sai ya zo ta bayana, ya zura hannu a aljihu, ya ce, "Mi kaka ɓoyo, bawana?" ya ɗebi nasa, ya ɗebi na tafiya gida.

Na uku, kuma nan ne ƙorafina ya fi nauyi. Maganin da ka ce zai kai ni lokaci mai tsawo ya ƙare tun ba a je ko'ina ba, wuta ta dawo mini a ƙirji. Na koma wurinka neman wata takarda. Ka dube ni ta saman tabarau, ka tambaye ni ko tsallaka iyaka nake da shi ina sayarwa. Wannan magana ta yi mini zafi, kuma har yanzu ba ta huce ba. Ni ban taɓa tsallaka iyaka da komai ba sai albasa, ita ma da rana tsaka, 'yan duwan masu karɓar harajin iyaka suna kallo.

Da na yi maka bayani, sai ka aje biro ka dafe kai. Sannan ne ka gaya mini abin da ya kamata in ji tun ranar farko. Ka ce akwai gishiri a cikin maganin, dangin kanwa, saboda haka bai dace da mai hawan jini ba, wanda kuke cewa tansiyo, ko mai kumburin ƙafa, ko mai ciwon ƙoda, sai likita ya duba ya yarda. Ka ce kada a haɗa shi da ruwan kanwa, gishiri ne a kan gishiri. Ka ce yana tare wa waɗansu magunguna hanya, sai an bar wajen awa biyu tsakani. Nan take na tuna da Ladan, wanda ke haɗiye kafson da kai da kanka ka rubuta masa saboda gyambon ƙafarsa, ya bi shi da ƙwayata a kai. Gyambon yana nan yadda yake, murya ce kawai ta ƙaru.

Ka kuma ce ba kowane zafin ƙirji ne ƙwannafi ba. Wani ciwon babba ne, in an yi ta tauna irin wannan ƙwaya sai ya lafa a sama yana ci a ƙasa. Ka ce duk wanda abinci ke tsaya masa in ya haɗiye, ko yake ramewa ba dalili, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi, kada ya tsaya tauna komai, ya zo da gaggawa. A ƙarshe ka nuna ni da yatsa ka ce kada in ƙara ba kowa, ko ƙwaya ɗaya.

Na tambaye ka, har taubashi? Ka yi dariya ka ce ko wane ne. Majo, dariyar nan ce ba zan manta ba. Kai ka san abin da ka ɗora mini, ka yi dariya, ka kira na baya.

Na huɗu. Na yi ƙoƙarin bin dokarka ba tare da na zama abin magana ba, kuma ina so jama'a su san na yi. Na fara tashi da zarar an wanke hannu, in zaga bayan buhunan albasa in tauna a ɓoye. Amma ƙwayar tana da ƙara in ana taunawa, tana kuma barin fari a harshe. Na dawo rumfa ina ƙamshin na'ana'a ina cewa fitsari na je. Illo ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin fitsarin da ke sa bakin mutum ƙamshi ba. Na gwada naɗa rawani ina rufe baki ina taunawa ta ciki, aka fara tambayata ko na koma Buzu, wani ma ya kawo mini tallan raƙumi. Na gwada shiga masallaci, Ladan ya biyo ni ya zauna kusa da ni yana gyaran murya.

Sauran dokokin da ka ƙara mini a zuwa na biyu ma ba su bar ni da mutunci ba. Ka ce kada in kwanta da zarar na ci abinci. To da rana kowa a tasha yana miƙewa a inuwa, ni kaɗai nake zagaye hannu a baya, har masu kaya suka fara zargin buhunansu nake ƙirgawa. Ka ce in rage goro da yaji da shayi mai ƙarfi. An miƙo mini goro a wurin suna na ce na gode, mai jego ta aiko a tambaye ni laifin da mijinta ya yi mini. Ka ce in bar ɗanyar albasa. Ni dillalin albasa, wanda ubansa dillalin albasa ne. Ka ce in ɗaga kan gado da tubali. Na ɗaga, matata Ramatu ta yi ta zamewa tana tsintar kanta a wajen ƙafa, ta gaji ta koma tabarma, ta ce ita ba ta yi aure don hawan dutse ba.

Duk wannan na jure, domin wutar ƙirjin ta mutu, ina barci, ina cin tuwo ba tsoro. Har sunan marowaci da aka fara raɗa mini a tasha na haɗiye shi.

Na biyar. Ranar kasuwa ce, rumfa cike da baƙi masu sayen albasa daga kudu. Mun gama cin abinci ke nan sai na ji hannu a aljihuna. Ba sai na waiwaya ba. Ni kuwa na daɗe ina kallon ƙafafun Arzika, sun kumbura har takalmi ba ya shiga sai ya take bayansa. Na kuma san an taɓa gaya masa a Konni yana da tansiyo, ya ce wanda ya auna shi ne bai iya ba, bai ƙara komawa ba. Maganarka ta faɗo mini a rai. Na kama wuyan hannunsa.

Ya ɗauka wasa ne, ya kawo ɗaya hannun. Na kama shi ma. Muka tsaya riƙe da juna a tsakiyar rumfa, tsofaffi biyu, kamar 'yan kokowa suna jiran kiɗa. Na so in yi masa bayanin gishiri da ƙoda da duk abin da ka ce, amma idon jama'a yana kaina. Abin da ya fito kawai shi ne, "Wannan ba naka ba ne." Ban taɓa gaya masa haka a kan komai ba tun da aka haife mu.

Arzika ya dube ni. Ya sake ni, ya gyara rigarsa, ya ɗan rusuna ya ce, "To. Allah shi huci zuciyarka, Malam Nomau."

Tun daga ranar, Majo, Arzika gaishe ni yake yi. Da ladabi. In mun haɗu sai ya tsaya ya tambayi lafiyata da ta iyali da gajiya da kasuwa, bai tsallake ko ɗaya ba, ya yi mini fatan alheri ya wuce. Ban taɓa sanin gaisuwa tana da ciwo haka ba. Na tare shi a hanya na ce masa Kan Ludayi da ƙarfi don ya rama, ya ce, "Na'am, Malam."

Bayan haka ya aiko da amalanke ƙofar gidana. A ciki akwai hulunan da ya cire mini a kai tsawon shekaru, da tocila, da butar ƙarfe, da rediyon da na daɗe ina zargin ɓarayi, da takalmi ƙafa ɗaya. A baya an ɗaure akuya, wai jikar wadda ya ƙwace mini ce a shekarar da na yi aure. Maƙwabta suka fito suna dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi dariyar don kada a gane, na shiga ɗaki na zauna. Akuyar tana nan, tana cin dusata, ba na ko son kallonta.

Na shida. Da a ce abin ya tsaya a kan fushi, da ban dame ka ba. Yanzu Arzika yana zama a rumfar da ke kallon tamu, ya jiƙa kanwa a moɗa, ya ɗaga ta sama yadda zan gani, ya shanye. In mai tallan magani a tire ya biyo, ya kira shi ya zaɓi kala-kala, ja da kore da rawaya, ya haɗiye yana kallona. Jama'a suna ganin abin dariya ne. Ni kuwa na san kanwar nan ita ce gishirin da ka ce, ƙafafun kuma sai ƙara hawa suke yi.

Sannan matarsa ta gaya wa Ramatu abin da ya hana ni sukuni. Ta ce tuwo yana tsaya masa a ƙirji, sai ya yi ta bi da ruwa, yanzu ma ya bar shi ya koma kunu da fura mai ruwa-ruwa. Ta ce ba kwaɗayi ne ya sa yake ɗibar ƙwayata ba, zafi yake ji tun kafin ni, bai gaya wa kowa ba. Na dube shi da kyau ranar Juma'a. Ƙafa ta kumbura, amma wuya ya zama siriri, riga tana yawo a jikinsa. Waɗannan su ne alamun da ka lissafa mini da bakinka.

Na je gidansa in gaya masa. Ya sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, irin ta baƙi, aka kawo mini ruwa a kwano mai murfi. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba, shi da bai taɓa bari na kai ƙarshen magana ba. Sannan ya ce ya gode da nasiha, ya raka ni har ƙofa. Tsoro nake ji, Majo, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Saboda haka ga buƙatuna.

Ina roƙon ka zo rumfarmu wata rana lokacin abincin rana, da farar rigarka, ka faɗa da bakinka cewa ba a bisimilla a magani, kuma maganin da aka rubuta wa mutum nasa ne shi kaɗai. In ni na faɗa rowa ce, in kai ka faɗa doka ce. Za mu ciyar da kai, Ramatu ta iya miyar kuka. Ka kuma duba ƙafar Ladan tun da ka zo.

Ina roƙon duk wanda za ka rubuta wa wannan magani, ka gaya masa tun ranar farko abin da ni sai a zuwa na biyu na ji, ka kuma tambaye shi da wa yake cin abinci. In kana da hanyar isar da saƙo ga masu haɗa shi, ka ce musu mutanen ƙasar albasa suna gaisuwa, suna roƙon a cire zaƙin nan a sa ɗaci.

Babbar buƙatar kuwa ita ce Arzika. Ba zai zo wurinka ba muddin ni na ce ya zo. Amma yana jin nauyin ma'aikaci, ko jandarma ya gani a kan hanya sai ya cire hula. In ka tsayar da babur ɗinka a ƙofar gidansa, gidan da ke bayan injin niƙa, ba zai iya ce maka a'a ba. Ka auna shi, ka duba ƙafafun, ka tambaye shi zancen haɗiya. In abin ya fi ƙarfin nan, ka tura shi babban asibiti. Na riga na yi magana da direbobin tasha, akwai wanda zai ɗauke shi a gidan gaba duk ranar da ka ce, kuma ba sai an gaya masa wa ya shirya ba.

Na san zai ji wannan wasiƙa, don Illo ba zai bari ta wuce shi ba, na kuma san zai ƙara fushi da na tona shi a kasuwa. Ya yi. Ba na neman ka sasanta mu, wannan ba aikin likita ba ne. In ya ga dama ya yi ta ce mini Malam Nomau har mu tsufa tukuf, zan amsa. Ni dai ka je da wuri, tun yana da ƙarfin yin fushin.

Allah ya taimake ka a kan aikinka, ya sa hannunka ya zama sanadin lafiya, ya raya maka zuri'a, ya kuma ba ka haƙuri da mu.

Wassalam.

Naka mai shan magani shi kaɗai,
Nomau dillalin albasa.